Kashi na Huɗu, Kafin Gawar Farfesa Pyo Ta Tashi

Cikin alhini mai nauyi da karyewar zuciya, Ƙungiyar Makaɗan Jaz ta Gaɓar Yamma, mai mazauni a birnin Gunsan, ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma shugabanta na farko, malamin malamanmu, gwanin jita, mai tsara kiɗa, Farfesa mai ritaya Pyo Jae-muk, wanda ya cika da safiyar Talata bayan doguwar jinya, yana da shekara saba'in da bakwai a duniya. A madadin shugaban ƙungiya, da majalisar dattawanta, da ɗaukacin membobinta manya da ƙanana, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Uwargida Ok Sun-rye, wadda mu ɗalibansa ba mu san ta da wani suna ba sai Mama, da ɗansa tilo, Pyo Han-gyeol, wanda ke tsaye a matsayin shugaban makoki, da dangi na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa zama gaban marigayin riƙe da jita gabansa na faɗuwa.

Wannan saƙo ya fi wanda aka saba tsawo, kuma majalisar dattawa ta umarce ni da in bayyana dalili tun daga farko. Akwai kira a cikinsa zuwa ga mutum ɗaya, Malama Yeom Mi-ran, tsohuwar ɗalibar marigayin, wadda ba mu da hanyar isa gare ta sai ta bainar jama'a. Kashi na ƙarshe na babban aikin rayuwar Farfesa yana cikin kanta, ita kaɗai a duk duniya, kuma gawa za ta tashi zuwa makwancinta da safiyar Alhamis, a kwana na uku kamar yadda al'ada ta tanada. Muna roƙon duk wanda ya san inda take ya isar mata da wannan kafin lokacin.

An haifi marigayi Farfesa Pyo Jae-muk a wani ƙauyen masunta da ke bakin laka, tun kafin a gina katangar da ta tare teku. Mahaifiyarsa na cikin matan da ke bin ruwa idan ya janye, su shiga laka har gwiwa suna tono kifi mai ɓawo suna waƙa, su juyo kafin ya dawo. Wata rana ruwan ya riga ta, ya tafi da ita, shi kuma yana tsaye a tudu yana kallo, bai kai shekara goma ba. Bai taɓa ba mu wannan labari da bakinsa ba, daga Mama muka ji. Yana matashi ya shigo gari ya kama aikin ɗaukar kayan makaɗa a gidajen rawa na bakin barikin sojojin Amurka, a can ya fara taɓa jita idan masu ita sun tafi cin abinci, a can kuma ya koyi kiɗan jaz da kunne, yana juya faifai ɗaya har ya ƙoƙe. A wancan zamani duk wanda ke wannan sana'a ɗan bakin bariki ake ce masa, ba a ba shi mata, ba a kiransa taron dangi. Daga baya ya tafi Seoul, babban birnin ƙasa, ya shafe shekaru yana kaɗa wa manyan mawaƙa a bayan fage, a buga faifai da hoton mawaƙi, sunan mai jita ko a ƙasan kwali babu. Ya doshi arba'in lokacin da ya tafi ƙasar waje karatu, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗansa, ya dawo da takardar da aka ce sai da ita za a saurare shi.

Da wannan takarda ya kafa sashen koyar da kiɗan jaz a kwalejin garin nan, a wani ɗaki da a da ake ajiye karyayyun kujeru, ya riƙe shi har ya zama abin da iyaye ke rububin kawo 'ya'yansu. Ya kafa wannan ƙungiya, ya shugabance ta, ya fitar da faifai na kansa da ake nazarinsu a makarantu, ya ɗauko waƙoƙin matan laka da na masu jan koma ya shigar da su cikin jaz lokacin da masana ke cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Yau farfajiyar zauren makoki ta cika da furannin ta'aziyya masu tsayuwa, kowanne da ƙyallensa mai ɗauke da sunan wanda ya aiko, har an rasa hanyar wucewa. Ƙungiya ta gode wa kowa. Ta kuma lura cewa wasu daga cikin manyan furannin sun fito ne daga ofisoshin da suka bar shi zaune a benci yana jiran a ba shi izinin buɗe aji, kuma marigayin, da yana raye, da ya karanta sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

Ba za mu yi wa mamaci ƙarya ba, domin shi bai yi wa kowa ba. Farfesa mutum ne mai zafi, mai kaifin harshe, wanda yabonsa ya fi ruwan rani wuyar samu. Ya kan dubi ɗalibi bayan ya gama zuba gwaninta ya ce, "Sannu da aiki. Yanzu ka tafi kasuwar kifi, ka ce ni na aiko ka, suna neman mai saurin yatsu irin naka." In ɗalibi ya kafa ido kan takardar kiɗa, sai ya zare ta ya zauna a kai ya ce, "Takarda kurma ce, ɗana. Ni za ka saurara ko ita?" Shi ne kuma wanda idan ya ga ɗalibi ya rame, zai ja shi gida, Mama ta cika masa kwano da shinkafa da miya, Farfesa na zaune yana harararsa har sai ya cinye. Da yawanmu a wannan tebur muka yi ƙiba, a wancan aji kuma muka yi kuka. Muna ƙaunarsa, muna tsoronsa, har yau ba mu san wanne ya fi yawa ba.

Babban aikinsa shi ne dogon kiɗan nan da ya sa wa suna Janyewar Ruwa, mai kashi huɗu. Na farko ruwa ne ke tafiya, na biyu mata ne ke shiga laka, na uku tono da waƙa, na huɗu dawowar ruwan. Saboda na mahaifiyarsa ne, ya haramta a rubuta shi, ya haramta a naɗe shi a faifai ko a kowace na'ura, ya ce daga hannu zuwa hannu zai yi tafiya, yadda waƙar matan laka ta yi. Ya raba kashi huɗun ga manyan ɗalibansa, kowa da nasa. Sauranmu, masu ganga da fiyano da ƙaho, rakiya kawai muka sani, wato abin da ake shimfiɗa wa jita ta taka. Kashi na huɗu ya fi kowanne wuya, kuma cikin duk waɗanda suka ratsa ajinsa mutum ɗaya ya ga ta isa ya danƙa mata, ita ce Malama Yeom Mi-ran, wadda a lokacin ita ce ƙaramar cikinsu. Ta yi shekaru tana zama gabansa gwiwa da gwiwa har ya shiga hannunta.

A gidanmu na kiɗa akwai ƙa'idar da kowa ya sani tun ranar da ya fara shiga aji. Idan hannun malami ya tashi daga kan tsirkiya, kowane hannu ya tashi. Ba a wuce malami, ba a cike masa gurbi, ba a nuna wa jama'a cewa ya gaza. Sama da shekara ashirin da suka wuce, a wani babban zaure a Seoul, gaban manyan baƙi da 'yan jarida, Farfesa na shiga kashi na huɗu sai hannunsa na hagu ya ƙage, yatsun suka ƙi motsi. Ya tsaya, makaɗa duka suka tsaya. Malama Yeom, wadda ke zaune a bayansa da jita ta biyu, ba ta tsaya ba. Ta ɗauki kiɗan daga inda ya faɗi ta kai shi ƙarshe ita kaɗai, ba ganga, ba fiyano, idanunta a rufe. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, a zatonsu haka aka shirya. Washegari jaridu suka rubuta cewa ɗaliba ta ɗara malami.

Da ta zo gidansa ta durƙusa domin neman gafara, ta tarar an fito da jitarta an jingine a bakin ƙofa. Bai fito ba. Ta bayan ƙofa ya ce, "Ba ni da ɗaliba mai wannan suna," kuma maganar malami a wurinmu ba ta faɗuwa ƙasa. Daga ranar babu wani ɗan wannan ƙungiya da ya sake hawa dandali da ita, babu wanda ya kira ta aiki, babu wanda ya amsa gaisuwarta a gaban mutane. Ta bar gari. Mukan ji an ce tana wani tsibiri a kudu tana koya wa yara, mukan ji an ce ta ajiye jita gaba ɗaya. Shi kuma Farfesa hannunsa ya warke, amma bai sake kaɗa kashi na huɗu ba, bai kuma koya wa kowa ba. Duk shekara sai ya kaɗa uku, ya miƙe, ya sunkuya wa jama'a, ya fita. Masu sharhi suka yi ta rubuta dogayen maƙalu a kan zurfin hikimar da ke cikin wannan yankewa, mu da muka san gaskiya muna karantawa muna kawar da kai.

A shekararsa ta ƙarshe, da ya ga jiki ya fara ba shi labari, ya kira babban ɗalibinsa, Farfesa Tak Byeong-ho, shugaban sashe na yanzu kuma mataimakin shugaban wannan ƙungiya, ya ce ya zo da jita zai ba shi kashi na huɗu. Suka zauna. Marigayin ya kama farkon, ya yi 'yar tafiya, ya tsaya. Ya koma ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Kiɗan da ya ƙi taɓawa shekara da shekaru ya zube daga kansa, shi da ya haife shi. Farfesa Tak ya shaida wa majalisa cewa marigayin ya daɗe yana kallon yatsunsa, sa'annan ya ce, "Ruwan ya ƙi dawowa, Byeong-ho. Tafi gida." Mama, da ke jin su daga ɗaki, ta fito ta ce masa, "Baban Han-gyeol, ka aika a nemo yarinyar nan mana. Girman kan naka a akwati za a sa maka shi ko a aljihu?" Ya ce malami ba ya ɗaukar darasi a wurin ɗaliba. Ta sake yi masa maganar a asibiti, ya juya fuska bango. Da mun so mu sanar da jama'a cewa ya janye kalmarsa kafin ya cika, amma bai janye ba, kuma wannan ya fi komai yi mana ciwo.

Abin da ya faru a ranar farko ta makoki shi ya tilasta wannan kira. Da rana mai kawo furanni ya shigo da wani ɗan madaidaicin damin furanni, farare tas, ƙyallensa ɗauke da sunan Yeom Mi-ran, ba tare da ta kira kanta ɗaliba ba. Farfesa Tak ne ke tsaye a bakin ƙofa yana tsara inda za a jera su. Ya karanta sunan, ya tsaya a kan abin da aka rene shi a kai, cewa kalmar malami tana nan tun da mai ita bai ɗage ba, ya ce a mayar wa mai shi. Aka ɗora a mota aka tafi da shi. Ba da mugunta ya yi ba, kuma a cikin dattawanmu da wuya a sami wanda zai rantse cewa shi da ya yi dabam.

Labari ya kai wa Mama tana zaune a ciki, gefen hoton marigayin. Ta taso cikin baƙaƙen kayanta ta ratsa ɗakin cin abinci, inda masu ta'aziyya ke shan miyar nama mai barkono, ta tsaya gaban Farfesa Tak, mutumin da ya haura sittin, ta ce, kuma ta ba da izini a rubuta yadda ta faɗa: "Kai Byeong-ho, furfura ta cika maka kai, hankalin ne ya tsaya a hanya? Mai taurin kan yana can kwance, shi ya gama nasa, kai kuma ka gaje shi tun bai huce ba? Ni na share wa yarinyar nan hawaye ta ƙofar baya ranar da ya kore ta, ku kuna ina, manyan maza? Hannun mijina ya mutu a gaban duniya, ku duka kuka naɗe hannu kuna kallonsa yana nutsewa, ita kaɗai ta shiga ta ɗauko shi, shi ne laifinta. Furen ma ba za ku bar ta ta ajiye ba?" Farfesa Tak ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa ya ce, "Mama, na yi kuskure." Ta ce, "Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya. Ku nemo ta."

An bi sawun mai furannin, ya ce ta waya aka yi odar, kuma ya riga ya sanar da mai ita cewa gidan makoki sun ƙi karɓa. An kira lambar ba adadi, ba a ɗauka. Ke nan abu na ƙarshe da Malama Yeom ta ji daga gare mu shi ne an sake fito mata da kayanta waje.

Majalisar dattawa ta zauna da shugaban makoki, wanda shi ke da ikon cewa wa zai shiga gaban mahaifinsa, kuma ga abin da aka tsayar. A al'adar gidanmu, muddin gawar malami ba ta tashi ba, ana ɗaukarsa yana nan a kan kujerarsa. Ɗalibin da ya shigo ya kunna turare, ya sunkuya sau biyu gaban hoton, iyali suka amsa masa, to ya koma gida, yana da damar kaɗa abin da aka ba shi, ya kuma miƙa wa na baya. Idan gawa ta tashi, ƙofar ta rufe, babu kuma wani mai rai da ke da hurumin buɗe ta, kashi na huɗu zai zauna a kan mace ɗaya har ranar da za ta bi malaminta da shi. Wasu matasan membobinmu sun ce wannan tsohon yayi ne, a watsar. Wataƙila suna da gaskiya. Amma Malama Yeom a wannan gida ta tashi, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ta kaɗa kashin ko sau ɗaya a wani wuri ba, alhali da ta so da ta yi suna da shi. Ta riƙe ƙa'idar fiye da yadda muka riƙe ta.

Saboda haka ƙungiya na sanar da jama'a, da yawun Uwargida Ok Sun-rye da na Pyo Han-gyeol, cewa ta janye hannunta daga wannan ƙauracewa, kuma daga yau kowane memba yana da 'yancin zama da Malama Yeom Mi-ran a dandali ɗaya da tebur ɗaya. Kalmar marigayin ba tamu ba ce balle mu goge, amma ƙofar zauren makoki a buɗe take, kuma Farfesa Tak da kansa ya roƙi a bar shi ya tsaya a bakinta har sai an fito da gawa.

Muna addu'ar Allah ya ba ran malaminmu, Farfesa Pyo Jae-muk, hutun da bai ba kansa ba a duniya, ya yafe masa zafinsa saboda alherinsa, ya sada shi da mahaifiyar da ya yi wa kiɗa tsawon rayuwarsa. Allah ya ba Mama ƙarfin zuciya da tsawon kwana, ya ba ɗansa da jikokinsa juriyar wannan babban rashi, ya ba ɗalibansa haƙuri da juna.

Da safiyar Alhamis, a kan hanyar zuwa tudun da danginsa ke kwance, motar gawa za ta tsaya a harabar kwaleji domin marigayin ya yi sallama da wurin aikinsa, kuma a nan ɗalibansa za su kaɗa masa Janyewar Ruwa. Za a kaɗa kashi uku. Idan aka zo na huɗu, masu ganga da fiyano da ƙaho za su shiga da rakiyarsu tun daga farko har ƙarshe, ko da mai jita ko babu, domin Mama ta ce tana so mutanen garin nan su ji da kunnensu girman abin da ya ɓace. Malama Mi-ran, ƙanwarmu, ba mu da bakin da za mu ce dole ki zo. In kin zo, iyali za su tarbe ki tun daga mota. In kuma ba ki zo ba, babu ɗan wannan ƙungiya da zai ɗaga murya a kanki, yau ko gobe. Sama da shekara ashirin muka yi miki shiru, in kin yi mana na safiya ɗaya ba ki zalunce mu ba.

Sa hannu:
Bong Seung-tae
Kakaki kuma Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Makaɗan Jaz ta Gaɓar Yamma, Gunsan